Babi na Shida: Tartsatsi a Cikin Jijiya

Wata rana da hantsi, a wani ƙaramin gidan likita na karkara a ƙasar Dungass, na ga wani manomi ya kawo ɗansa wanda hauya ta sara a ƙafa. Ma'aikacin lafiya ya ɗauko wata kwalba mai ruwa fari tas, ya ɗan tsiyaya a kan ciwon. Nan take wurin ya ɗauki kumfa, yana tafasa kamar an zuba kanwa a ruwan tsami. Uban ya ja da baya, ya ce: "Malam likita, wannan maganin ƙarfi gare shi, dubi yadda yake cinye dattin."

Ma'aikacin ya zuba ruwan nan a bayan hannunsa inda babu rauni. Ko motsi bai yi ba. Ya ce: "Ka gani, Baba? Ba maganin ne ke cin jinin yaronka ba. Jinin yaron ne ke cin maganin."

Gaskiya ya faɗa. Ruwan nan shi ne haidurojin feroksaid, kuma a cikin jinin kowane ɗan Adam akwai wani ma'aikaci mai suna katalas, wanda da zarar ya haɗu da wannan ruwa sai ya farfasa shi ya mai da shi ruwan sha da iskar oksijin. Kumfar da manomin ya gani ita ce iskar tana fita. Tambayar ita ce: me ya sa jiki ya yi tanadin wannan ma'aikaci tun kafin a ƙirƙiro kwalba da abin da ke cikinta? Amsa: domin jiki da kansa yana ƙera irin wannan ruwa dare da rana, kuma da za a bar shi ya taru, da ya ƙone jijiyoyinmu daga ciki.

Yaɓen cikin jijiya

Duk wanda ya taɓa gina rumbun ƙasa ya san ba kaurin bango kaɗai ke tsare hatsi ba, yaɓen ciki ne. Idan ya yi sumul, gara da danshi ba su da mashiga. Haka jijiyar jini take. Daga babbar jijiyar da ta fito daga zuciya har zuwa 'yan siraran da jar ƙwayar jini ɗaya tak ke iya ratsawa a lokaci guda, kowace an shafe cikinta da shimfiɗar ƙwayoyin halitta, falle ɗaya rak. Masana suna kiran wannan shimfiɗa endotiliyom. A wannan babi za mu kira ta yaɓen ciki.

An daɗe ana ɗaukar yaɓen nan a matsayin shafe kawai. Sai a 1980, a birnin New York na Amurka, Robert Furchgott da abokin aikinsa John Zawadzki suka lura da wani abu a jijiyar zomo: idan yaɓen cikinta yana nan lafiya, aka ɗiga mata wani sinadari, sai ta saki jiki ta buɗe, idan aka goge yaɓen, ba ta buɗewa. Ashe yaɓen yana aika wa naman jijiya saƙo. A 1987 aka tabbatar cewa saƙon wata iska ce mai suna naitirik oksaid, kuma a 1998 Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad suka sami kyautar Nobel saboda wannan aiki.

Wannan iska ayyuka uku take yi, kuma a kansu lafiyar jijiya ta dogara. Tana sa jijiya ta buɗe jini ya wuce ba tare da zuciya ta galabaita ba. Tana hana jini daskarewa a inda babu rauni. Tana kuma hana ƙwayoyin jini liƙewa a bango. Sai dai ranta gajere ne, 'yan daƙiƙoƙi take yi ta ɓace, ga kuma wani abokin gaba da ke jiran ta a hanya.

Wuta da masu kashe tartsatsi

Jiki murhu ne. Tuwon da muka ci shi ne itace, iskar da muka shaƙa ita ke hura wutar, ƙarfin da muke noma da shi kuma shi ne zafin da ya fito. Amma babu murhun da ba ya tartsatsi. A cikin kowace ƙwayar halitta, ɗan kaɗan daga oksijin ɗin da ake ƙonawa yakan kuɓuce ya zama wani abu mai cizo da ake kira sufa'oksaid. Shi ne tartsatsin. Idan ya gamu da naitirik oksaid, sai su rungumi juna cikin ƙiftawar ido, su zama wata guba mai suna feroksinaitirait. Asara biyu ke nan: saƙon buɗe jijiya ya salwanta, ga kuma guba tana cin yaɓe.

Mutanen karkara sun san yadda ake zama da wuta a lokacin hunturu, sa'ad da darni ya bushe, iska tana kaɗawa, rumbuna cike da hatsi. Ba a daina girki don tsoron gobara. Abin da ake yi shi ne a sa ido, a ajiye ruwa kusa, a bisne garwashi kafin a kwanta. Jiki ma haka ya yi. Ya tanadi wasu ma'aikata da ake kira enzayim, wato sinadaran da ke gaggauta aiki ba tare da su kansu sun ƙare ba.

Na farkonsu shi ne SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka a 1969. Shi ke cafke tartsatsin ya mai da shi haidurojin feroksaid, ruwan kwalbar nan da muka gani. Iri uku ne. Ɗaya yana cikin ruwan ƙwayar halitta, yana aiki da tagulla da zinki. Na biyu yana bakin murhun kansa, yana aiki da manganis. Na uku yana waje, a jikin bangon jijiya, daidai hanyar da naitirik oksaid ke bi daga yaɓe zuwa nama, yana share mata hanya kamar dogarin da ke gaban sarki.

Ruwan da SOD ya samar shi ma ba abin bari ba ne, domin idan ya haɗu da ƙarfen da ke yawo sakaka, yana haifar da tartsatsin da ya fi na farko muni. Nan katalas ke shigowa, kuma ƙwayarsa ɗaya tana iya farfasa miliyoyin ƙwayoyin wannan ruwa a daƙiƙa guda. Abokin aikinsa shi ne GPx, wanda Gordon Mills ya gano a 1957, aka kuma tabbatar a 1973 cewa ba ya aiki sai da wani ma'adini mai suna seleniyom. GPx yana da guga da yake ɗiban ruwan kashe wuta da shi, sunansa gulutatayon. Duk lokacin da aka juye gugan sai an sake cika shi, kuma mai cika shi a cikin jajayen ƙwayoyin jini wani enzayim ne da ake kira G6PD. A riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

Kada a ɗauka tartsatsin nan sharri ne zalla. Fararen ƙwayoyin jini da shi suke ƙona ƙwayoyin cuta, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa saƙo ne da ƙwayoyin halitta ke aika wa juna. Lafiya ita ce daidaito: wuta tana ci, masu kula da ita suna farke. Cuta kuwa ita ce ranar da tartsatsi ya fi ƙarfin masu kashe shi. A Magaria da Dungass, wannan rana tana da lokacinta a kowace shekara.

Sa'ad da damina ta yi nisa

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, hatsi bai isa gida ba, tsohon rumbu ya yi ƙasa, tafkuna sun cika, sauro ya yi yawa. A lokacin ne uwaye daga Bande da Waca da Yekuwa da Dogo-Dogo da Malawa ke kama hanyar Magaria da yara a goye, wasu a kan amalanke, wasu a bayan babur. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magaria a 2005, shekarar da yunwa ta addabi Nijar. A watan Satumba na 2018 ta ba da sanarwar cewa yara sama da 700 ne ke kwance a sashen yara na asibitin garin, kuma a watan da ya gabaci sanarwar kimanin yara 10 ke rasuwa kowace rana, akasarinsu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa.

Mu leƙa cikin jijiyar ɗaya daga cikin yaran nan. Ƙwayar cutar zazzaɓi tana shiga jar ƙwayar jini ta zauna, tana cin himogulobin, sinadarin da ke ɗauke da oksijin, tana hayayyafa. Bayan kimanin sa'o'i 48 sai ƙwayar jinin ta fashe. Himogulobin a cikin gidansa bawa ne mai biyayya, amma idan ya zube cikin ruwan jini sai ya zama ɓarawo: yana haɗiye naitirik oksaid da sauri, sannan ya saki ƙarfen da ke cikinsa, ƙarfen kuma ya hura tartsatsi. Yaɓen ciki ya kumbura, ya yi kaushi, ya fara danƙo. Ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna manne masa, su toshe siraran jijiyoyi. Idan abin ya faru a ƙwaƙwalwa, shi ne yaro ke sanƙarewa, ido ya kafe, ya fita hayyacinsa. A 1996 Nicholas Anstey da abokan aikinsa sun auna yara a Dar es Salaam ta Tanzaniya, suka tarar waɗanda zazzaɓin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa su ne suka fi ƙarancin alamun naitirik oksaid a jiki.

Jiki ba ya naɗe hannu. Yana da sinadarai masu tsince himogulobin ɗin da ya zube, yana kuma da wani enzayim, HO-1, mai wargaza ɓangarensa mai guba, a kulle ƙarfen a ma'aji, saura kuma ya zama ruwan ɗorawar nan da ke rina ido. Amma duka waɗannan ma'aikata da abinci ake gina su. Yaron da ya shafe watanni yana shan kunu tsurarsa, babu wake, babu nono, babu ƙwai, gobara ta same shi gugansa a bushe. Shi ya sa zazzaɓi da tamowa idan suka haɗu a jikin yaro ɗaya suke zama kamar wuta da iskar hunturu.

Gobarar da ba ta jiran damina

Akwai yaran da jininsu ke fashewa rani da damina. Su ne masu amosanin jini, wanda ake kuma kira sikila. A wannan yanki namu, kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadon wannan cuta ba tare da ya san yana da shi ba. Idan biyu irin waɗannan suka yi aure, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar.

Jar ƙwayar jini mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki. Ta mai amosanin jini kwana 10 zuwa 20 take yi ta fashe. An daɗe ana cewa matsalar ita ce ƙwayar tana lanƙwashewa kamar lauje ta maƙale. Haka ne, amma ba nan labarin ya tsaya ba. A 1980 Robert Hebbel na Jami'ar Minnesota ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi suna manne wa yaɓen jijiya fiye da kima, daga baya kuma ya nuna suna fitar da tartsatsi kusan ninki biyu na masu lafiya. Ashe amosanin jini cutar jini ce kuma cutar jijiya ce. Ciwon ƙashin da ke sa yaro kuka cikin dare idan sanyi ya sauko, gyambon idon sawu da ke ƙin warkewa, shanyewar ɓarin jiki a yaron da bai kai shekara goma ba, duka suna da tushe a yaɓen da ya gaji da ƙuna.

Abin farin ciki, ɗaya daga cikin manyan amsoshin wannan matsala a kusa da mu aka same ta. A Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun riƙa auna gudun jini a jijiyoyin kan yara masu amosanin jini da wata na'ura mai aiki da sauti. Inda jijiya ta ƙuntata, jini yana gudu da ƙarfi, kamar ruwan lambu idan ya zo matsatsi. Yaran da aka ga wannan alama a kansu sai a ɗora su a kan maganin hydroxyurea, wanda ke rage lanƙwashewa da fashewar ƙwayoyin jini. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ko da ƙaramin awo na maganin yana kare yara da yawa daga shanyewar ɓarin jiki. A lura da hikimar: ba ƙara masu kashe wuta aka yi ba, rage tartsatsin aka yi daga tushe. A Nijar akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan cuta a Yamai, amma tsakanin Dungass da Yamai tafiya ce ta kusan kilomita dubu. Haƙƙin yaron Dungass ne a gwada jininsa a kusa da gida, a kuma sami maganinsa a inda kuɗin mota ba zai cinye amfanin gona ba.

Kafur a cikin kayan jariri

Mu koma kan G6PD, mai cika guga. Kimanin mutum miliyan 400 a duniya aka haifa da rauninsa, ya fi bayyana a maza, kuma ya yawaita a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe. Mai wannan rauni lafiyarsa lau, sai ranar da wani abu mai hura tartsatsi ya shiga jikinsa: wasu magunguna, wani irin waken ƙasashen Larabawa wanda ba namu na gona ba, ko kafur.

Na san ƙaunar da ke cikin akwatin kayan jariri. Kaka ta wanke 'yan riguna da zannuwa, ta ninke, ta jefa ƙwallayen kafur farare don ƙamshi da korar kyankyaso. Ba ta san cewa sinadarin da ke cikinsu yana shiga ta fata da numfashi ba. Idan jikan nata yana da raunin G6PD, jininsa na iya fashewa cikin kwanaki kaɗan, ido da fata su yi ɗorawa, ya ƙi kama nono. Shawarar jarirai idan ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko naƙasa har abada. An kuma sami rahotanni daga ƙasashen Larabawa na jarirai masu wannan rauni da jininsu ya fashe bayan an shafa musu lalle. Don haka, Iya, a fitar da kafur daga kayan jariri, a bar lalle ga manya, kuma jaririn da idonsa ya canza launi a kai shi likita a ranar, kada a jira suna.

Zuciyar mai jego

Akwai wata cuta da ƙasar Hausa ta yi suna da ita a littattafan likitanci: mace ta haihu lafiya, bayan 'yan makonni ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara, zuciya ta raunana. Likitocin Zariya sun bayyana ta tun shekarun 1970, suna danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta, abubuwan da ke ɗora wa zuciya kaya. A 1992 Arnaud Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka gano cewa matan da ke fama da ita suna da ƙarancin seleniyom a jini, wato ma'adinin da GPx ke aiki da shi. Farfesa Kamilu Karaye ya sami irin wannan sakamako a Kano a 2015. A Jamus kuwa, a 2007, Denise Hilfiker-Kleiner ta nuna a jikin ɓeraye cewa idan SOD mai manganis ya yi ƙaranci a zuciya, tartsatsi yana sa a datse sinadarin da ke kawo ruwan nono, guntun da aka datse kuma ya bi siraran jijiyoyin zuciya yana kashe yaɓensu. Binciken Yamai da na Kano da na Jamus, duka suna nuni ga ƙofa ɗaya: tartsatsi ya fi ƙarfin masu kashe shi. Mai jegon da ta kasa kwanciya sai a zaune, ba gajiyar haihuwa ba ce, a gaggauta kai ta asibiti.

Abin da ba a sayarwa a kwalba

Mai karatu zai ce: to, a sayo waɗannan masu kashe wuta mana a sha. Masana ma sun yi wannan tunani, sun kuma gwada. A Finland, a 1994, wani babban gwaji a kan mashaya taba ya nuna ƙwayoyin beta-karotin ba su kare su ba, cutar dajin huhu ma ƙaruwa ta yi a cikin masu shan su. A 2000 wani gwaji mai suna HOPE ya nuna bitamin E bai rage ciwon zuciya ba. A Malawi, a 2005, an ba yara garin bitamin da seleniyom don hana tamowa mai kumburi, bai hana ba. Enzayim kansa kuwa idan aka haɗiye shi, ciki narkar da shi yake yi kamar tsokar nama. Duk mai jakar magani da ya tsaya a kasuwa da lasifika yana cewa kwalbarsa tana wanke jijiya, kuɗin hatsinka yake nema.

Jiki shi ke ƙera ma'aikatansa, a inda yake bukatarsu, a lokacin da yake bukatarsu. Namu shi ne mu ba shi kayan aiki, mu kuma rage masa gobara. Kayan aikin suna cikin wake da gyaɗa da riɗi, da nono da ƙwai da kifi, da zogale da kuka da yakuwa. Motsa jiki ma yana cikinsu, domin an nuna cewa gudun jini a kan yaɓe shi ke sa yaɓen ya ƙara yawan naitirik oksaid da SOD. Jijiya kamar hanyar ruwan lambu ce a fadamun Korama, wadda ruwa ke bi kullum ita ke zama a share. Rage gobara kuwa shi ne barin taba, girki a inda hayaƙi ke fita, sassauta gishiri da kanwa, da auna hawan jini ko da babu ciwon kai.

Ga yaran Magaria da Dungass kuwa, babban abin da ke kare jijiyarsu shi ne duk abin da zai hana jininsu fashewa. Sange ne da aka sauke aka soke gefensa kowane dare. Maganin rigakafin zazzaɓi ne na damina, wanda aka fara rabawa a Magaria a 2013 ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, a ba yaro cikakken awonsa na kwana uku a kowane wata, kada a raba shi da ƙanensa ko a ajiye don gobe. Gwajin jini ne kafin a sa ranar aure, tun ran gini tun ran zane. Kai yaro likita ne a ranar da jikinsa ya yi zafi, ba ranar da ya sanƙare ba.

Yaron nan da hauya ta sara ya koma gida da ƙyalle a ƙafa, ubansa yana riƙe da hannunsa. Kumfar da ta tashi a kan ciwonsa shaida ce cewa Allah ya riga ya sa masa masu gadi a cikin jini, suna aiki tun yana ciki, ba su taɓa barci ba. Ba su nemi lada a wurinmu ba. Abin da suke nema shi ne kwanon wake, da sange mara huji, da iyayen da ba za su bari wuta ta fi ƙarfinsu ba.